Katin da Na Jefa a Kanal

Jiya da hantsi na buɗe akwatina ina neman wani tsohon zani, sai warin kafur ya bugi hancina, hannuna kuma ya sauka kan farin kallabin nan da ke can ƙasa. Farin ma suna ne kawai yanzu, duk layin ninkinsa ya yi ja. Na zauna a bakin gado riƙe da shi har kunun da na dama ya huce. An doshi shekara hamsin, amma in na shaƙi kafur sai in ji ƙarar ruwa yana wucewa ta ƙarƙashin gada.

Bari in fara gaya maka ko mu su wane ne, don har gobe akwai masu buɗe baki in sun ji. Mu Hausawa ne Kirista, 'yan Angalika, gida bakwai ko takwas a wani ɗan ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Maƙwabtanmu duka Musulmi ne, rijiya ɗaya muke ja, gayya ɗaya muke fita. Da salla a aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika da shinkafa, kuma Babana ba ya yanka da kansa, sai ya kira maƙwabci ya yanka don kowa ya ci hankali kwance.

Kaka, mahaifiyar Babana, ita ce ta san tarihin majami'armu. In tana kaɗi a ƙofar ɗaki takan ba mu labarin malamin farko da ya zo daga wajen Zariya a kan keke, ya tara maza a gindin tsamiya yana koya musu baƙaƙe a ƙasa. Ita ta fara jera mana manyan ikklisiya kamar yadda ake jera tukwane: mai bishara a ƙauye, samansa katikis, saman katikis fasto, saman fasto Acidikin mai kula da gundumomi, can ƙoli kuma Bishop. Ta ce duk faɗin Arewa Bishop ɗaya ne, yana zaune a Kaduna, ƙasar da yake kiwo kuwa ita ake kira dayosis. Saboda haka ba ya zuwa wuri sai da juyi. In ya zo bana, yaron da ke goye sai ya yi wayon kora awaki kafin a sake ganinsa. Shi kaɗai ne kuma ke ɗora wa mutum hannu a ka, abin da muke kira tabbatarwa, kuma sai an ɗora maka hannu za ka matsa gaba ka ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a. Kaka ba ta matsawa. In an tashi sai ta gyara zama a bencinta, ni kuwa ban taɓa tambaya ba, na ɗauka haka tsofaffi suke yi.

Ina da 'yar'uwa, 'yar Baffana. Na girme ta da wata biyar, kuma ban taɓa bari ta manta ba. Amma ni da na riga ta zuwa duniya, sunan wata goggo aka sa mini wadda ta rasu ban ko gan ta ba. Ita da ta zo a baya, ita aka ba sunan Kaka. Ka san al'adarmu, sunan uwa ba ya fita daga bakin ɗa, don haka ba mai kiran yarinyar nan da sunanta, kowa sai Takwara. Babana, wanda in ya daka mini tsawa kaji ke watsewa, in zai aike ta sai ya sassauta murya, wai uwarsa ce. In mun yi ɓarna tare ni ake ja wa kunne. In Kaka ta soya gyaɗa, nawa a tafin hannu, nata a ƙoƙo. Ba zan ɓoye maka ba, ina son ta, tare muke wanka tare muke tallan rogo, amma akwai wani ƙyashi da ke taso mini duk lokacin da na ji an ce Takwara.

Sai aikin ruwa ya zo. 'Yan safiyo suka fara kafa turaku, katafila ta biyo baya, aka haƙa babbar hanyar ruwan nan da muke kira kanal, aka shafe ta da siminti. Ta tsakiyar gonarmu ta gado ta bi. Da aka sake raba filaye, Baffa ya samu nasa a gabas, ya tashi ya yi gida a can, Kaka ta bi shi don shi ne babba. Mu muka zauna a yamma. Ba nisa, in Inna ta ɗaga murya matar Baffa tana amsawa, gada ɗaya ce tsakani. Rani da muka sani na zaman banza ya koma lokacin aiki. Alkama kore shar ido ba ya ganin ƙarshenta, tumatir kwando-kwando a bakin hanya, hannun kowa yana warin ganyensa. Baƙi kuma suka cika gari, magina da direbobi da malaman gona daga kudu da wajen Jos, da yawansu 'yan ikklisiyarmu ne.

Da jama'a ta yi yawa sai manya suka zauna a birni suka ce a yanka sabuwar gunduma. Da suka rasa inda za su ja iyaka, sai suka ga kanal a miƙe a kan taswira, suka ce shi ke nan an huta. Gabas sabuwar gunduma, da fastonta da katikis da majami'a mai rufin kwano. Yamma kuma mu ci gaba da bin tsohuwar uwar majami'a can ta wajen Zariya, tafiyar wuni a keke, mu da ɗakinmu na ciyawa da mai bishararmu mai tari. Ba wanda ya tambaya ko akwai gidan da layin ya raba wa da ƙane. Babana ya yi gunaguni kwana biyu, daga baya ya ce abin da manya suka tsara shi ne tsari.

Ban damu ba sai ranar da aka yi sanarwa cewa Bishop zai zo kafin bikin Ista ya buɗe sabuwar gunduma, ya kuma ɗora hannu. Juyinmu na yamma kuwa sai an ga hali, wataƙila baɗi waccan. Muna da shekara goma sha biyu-biyu a lokacin. Aka rubuta sunan Takwara a ajin tabbatarwa.

Na tsallaka gada da kaina na sami katikis, wani dogon mutum mai sanyin magana. Na durƙusa na ce ina so a rubuta ni.

Ya ce, "'Yata, ina gidanku yake?"

Na nuna masa da hannu, ga rumbunmu ma ana hange.

Ya ce, "Ai kuwa ba a garkena kike ba. In na rubuta ki, na ɗauki tunkiyar wani."

Na dawo ina kuka, ba na baƙin ciki ba, na haushi. Daga ranar kullum da la'asar sai in je in raɓe a bayan tagar ajin. Tambaya da amsa ne ake haddacewa, da Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya. Kafin wata guda na kwashe su tas. Takwara kuwa, Allah ya ba ta kyan hali amma bai ba ta riƙo ba, sai ta kai doka ta shida ta dawo ta huɗu. A hanyar rijiya ni ke yi mata gyara, da wata irin murya da na san tana ƙona ta. Ita kuma sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, ke da ma ke aka rubuta." Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

Aka kai ɗinkinta wajen tela a kasuwar Kura, farar riga mai tattara a ƙugu. Aka sayo mata farin takalmin roba da farin kallabi. Babana da kansa ya kawo mata ɗan littafin addu'a, ya miƙa mata da hannu biyu. Ni ina tsaye da kwandon tumatir a ka.

A wannan shekarar an tsananta wata doka. Saboda baƙi sun yi yawa, kowa ya zo sai ya ce an yi masa baftisma a garinsu, Acidikin ya ce ba wanda za a gabatar wa Bishop sai ya nuna katin baftismarsa a ƙofa. Ɗan kati ne ruwan ƙasa, ba komai a kai sai suna da rana da sa hannun fasto. Na ji katikis yana ta nanata wa 'yan aji cewa ko wane ne, in ba kati, ya jira wani juyin.

Ranar Asabar, jajiberin zuwan Bishop, Inna ta aike ni in taya Kaka shara da goge kwanuka don za a yi baƙi. Zafin bazara ya fara, mata duk suna bayan gida wajen surfe, Takwara na wajen kitso. Ina cikin sauke jeren kwanukan Kaka sai na buɗe wata tasa ta can ƙasa, warin kafur ya taso. A ciki akwai sabon farin kallabi a ninke, a ƙarƙashinsa kati biyu. Ban tsaya tunanin kallabin ba. Na ɗauki katin sama, wani mai gutsure a kusurwa kamar ɓera ya taɓa, na karanta, ga sunan nan da ba a faɗa, wanda nake jin malamin makaranta yana kira kowace safiya. Na biyun ban duba ba, na ɗauka na matar Baffa ne. Na soke katin a ƙugun zanina, na mai da kwanuka yadda suke.

Ba zan ce Shaiɗan ba, ni ce. Na san abin da nake yi. So nake a ce mata ta jira, mu jira tare, a ɗora mana hannu rana ɗaya, ni a gaba tun da ni ce babba.

A kan gada na tsaya. Ranar an buɗe ruwa sosai don masu alkama na ban-ruwan ƙarshe. Na saki katin, ya yi juyi biyu a sama ya kwanta a kan ruwa, na bi shi da ido har ya shige ƙofar ruwa. Mai gadin ƙofar, wani dattijo maƙwabcin Baffa, yana zaune a kan buzunsa a inuwa. Ya ce, "Ke 'yar nan, me kika yar?" Na ce takardar banza ce. Ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa.

Lahadi gari ya cika. An share hanya an yayyafa ruwa, mai unguwa ya ba da aron dardumarsa, ya kuma zo da mutanensa suka zauna a gindin darbejiya don su gai da baƙo. Mu 'yan yamma muka tsallako a matsayin 'yan kallo. A ƙofar majami'a an ajiye tebur, magatakardan Acidikin na zaune da jerin sunaye, masu fararen kaya sun yi layi. Na sami wuri kusa, ina jiran in ga fuskar Takwara.

Ta zo, ta miƙa kati. Ya duba, ya yi alama, ta wuce.

Kafin in gama mamaki sai na ji ya ce, "Sunan nan sau biyu aka rubuta. Ina ta biyun?" Katikis ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya nuna bayan layi. Na waiga. Kaka ce tsaye, da wankakken farin zani, da sabon kallabin nan a kanta.

A nan na ji abin da duk gidan ba wanda ya gaya wa yara. Ashe Kaka ba ta karɓi baftisma ba sai da girma, rana ɗaya da mu muna jarirai. Bishop ya zo sau biyu tun daga nan, na farko tana jinyar Kakanmu, na biyu aka ce ba ta iya amsoshi ba. Ashe zuwan da katikis ke yi wurinta da yamma, da muke cewa furar Kaka ce ke kawo shi, karatu yake biya mata da ka, don tana jin nauyin zama aji ɗaya da jikokinta.

Magatakarda ya ce, "Iya, ina katinki?"

Ta ce, "Na duba inda na ajiye, ban gan shi ba."

Babana da Baffa suka taso suka ce su shaida ne, suna wurin aka yi mata. Ya ce a littafin wace majami'a aka rubuta. Aka ce tsohuwar uwar majami'a, wato tamu ta yamma, inda ko an tashi mai keke yanzu sai gobe. Faston da ya yi baftismar an daɗe da mai da shi wata ƙasa. Acidikin da kansa ya fito, mutum ne mai kirki, na ga abin ya dame shi. Ya ce, "To, ko akwai mai karatu a nan da ya taɓa riƙe katin ya karanta da idonsa? In akwai, na karɓa." Babana da Baffa ba su yi boko ba. Katikis ya sunkuyar da kai, ya ce kunya ta hana shi ce wa tsohuwa ta kawo shaida.

Ni kaɗai ce na riƙe kati mai sunan nan jiya. Kalma uku za ta isa. Amma in na faɗa, sai an ce me ya kai ni, sai Takwara da ke tsaye cikin farar riga ta ji cewa ita na nufa, ta san ina ƙyashinta. Na gwammace ƙasa ta haɗiye ni. Na yi shiru.

Acidikin ya ce bari ya shiga ya roƙi Bishop. Kaka ta ɗaga hannu ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Kada a tsai da bawan Allah saboda ni, ga jama'a na jira a rana. Wanda ya kai ni yau zai kai ni wani juyin." Ta shiga ta zauna a bencinta na kullum.

Ban tuna wa'azin ba, ban tuna ko hular Bishop ba, ni da na shekara ina son ganinta. Abu ɗaya na riƙe. Da aka zo kiran sunaye aka kira sunan nan da ƙarfi, a gaban 'ya'yanta da ba su taɓa furta shi ba, sai na ga Kaka ta dafa benci ta fara miƙewa. Ta kai rabi, sai ta tuna. Ta gyara bakin zaninta ta koma ta zauna, Takwara ta wuce ta durƙusa.

Bayan kwana uku Kaka ta aika a kira ni. Na tafi. Ta sa ni na zauna, ta ba ni gyaɗa, a ƙoƙo. Sannan ta ɗauko kallabin ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ajiye. An ce kin fi kowa iya amsoshin, har da masu aji. Naki na tafe." Na buɗe baki, ta ce, "Ci gyaɗarki."

Da aka gama girbin alkama Babana ya hau keke ya je ya karɓo mata sabon kati. Katin ya zauna a tasar nan yana jiran Bishop. Damina ta biyu Kaka ta kwanta, kwana tara, ta tafi. Ba a daɗe ba sai labari ya zo cewa an raba dayosis ɗin Arewa, Kano ta samu nata Bishop, aka kuma mai da mu 'yan yamma gunduma ɗaya da gabas, don kowa ya ga wautar layin. Sabon Bishop ya zo tun bai gama zama ba. Da kallabin Kaka aka ɗora mini hannu, kuma ban yi kuskuren amsa ko ɗaya ba. Ban ji daɗin da na yi zato ba.

Na yi shekaru ina ɗauke da abin ni kaɗai, ina cewa hannuna ne ya yi kuskure, na nufi jika na sami kaka. Sai bara, wajen bikin jikar Takwara, muna zaune mu biyu a ɗaki muna tsince shinkafa, na ce yau dai sai na sauke. Na gaya mata duka, har da gada. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Yaya, ai ba ki yi kuskure ba. Nawa kika ɗauka. Nawa ne mai gutsure a kusurwa."

Na ce to wanda ta nuna a ƙofa fa?

Ta ce, "Mai gadin ruwa ya gaya wa Kaka tun ranar da yamma. Da safe ta kira ni ta sa mini nata a hannu, ta ce suna ɗaya ne rana ɗaya ce, in karɓa in yi shiru. Ta ce kuma in na taɓa ɗaga miki maganar, ba ta yafe ba." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kin ga, ni ma da Acidikin ya yi tambaya ina ji. Ni ma ban yi magana ba."

Ka san abin da ya fara zuwa mini? Kunya nake ji amma zan faɗa. Tsohon ƙyashin nan ne ya taso mini: Kaka ta ba ta suna, ta ba ta kati, har asirina ma ita ta ba ajiya. Sai da ya wuce sannan kukan ya zo, muka yi shi tare a kan farantin shinkafa.

Yanzu Bishop na zuwa kowace shekara a kan kwalta, wani lokaci sau biyu. Sunayen suna cikin na'ura, in katinka ya ɓata a buga maka wani kafin ka gama gaisawa. Jikokina suna ganin tabbatarwa kamar jarrabawar aji ce, in ba a yi bana ba a yi baɗi. Kanal na nan, ya tsattsage, ciyawa ta ci gefensa, gadar ma an sake ta. Ni kuwa duk ranar Jibi, in layinmu ya tashi, sai na ɗan dakata a benci tukuna, hannuna a kan katako, in bar na baya su wuce. Mutane na cewa gwiwa ce, ban taɓa gyara musu ba.